Kankare Lambar Tsoho

Mai buga lamba a riguna ya kasa kunne ga mutum biyun da ke jira a rumfarsa.

"Kankare min lambar tsohon nan," in ji wani direba, sai zumuɗi yake. "Ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando ta musanya shi da matasa biyu. Bana kofi namu ne!"

Matar da ke gefensa ta ce, "Malam, shekara goma sha biyu fa yana muku wahala."

"Gwiwa ta gama, Hajiya. Kofi ba ya jiran tsoho."

"Madalla. Ni lambarsa na zo a buga min, mu muka ɗauke shi. Ran Asabar za mu kara da ku, kuma ba dabararku da bai sani ba."

Direban ya dafe rigarsa. "Maigida, dakata tukuna."