Ranar da Na Goya Ɗan Wata

'Yan'uwana mata na zumunta, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ce Rifkatu, matar Malam Yohanna na masaƙa. Kun san ni da kaifin baki. To, yau bakin nan zai tona asirin mai shi.

Shekara uku ke nan da baƙon dauro ya ɗauke mini 'yata Alheri, ita kaɗai Allah ya ba ni cikin shekara tara da aure. Ban daina zuwa sujada ba, kuna ganina a benci na biyu ina motsa baki in ana waƙa. Amma ni da Allah ba ma magana. Fushi nake yi da shi, fushi na gaske. In na ga mace da goyo, sai wani ɗaci ya taso mini a zuciya. Bikin sunan 'ya'yanku da ban je ba, na ce zazzaɓi ne. Ƙarya na yi, ku gafarta mini.

Mama Saratu, tsohuwar malamar asibiti da ke jagorantar masu aikin sa kai na ikilisiyarmu, ita ta matsa mini in riƙa bin su ƙauyuka ranar Asabar. Mukan kai garin kunu da sabulu, mu koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari. Na je Wonaka, na je ƙauyukan Tsafe. Kada ku ce ƙauna ce ta kai ni. Shirun gidana nake gudu.

Bara da damina muka je wata ruga can bayan Furfuri. Babur ya sauke mu inda hanya ta ƙare, muka ƙarasa a ƙafa cikin taɓo. Muka tarar da yaro ɗan shekara biyu kwance a cinyar kakarsa, Inna Dije. Kwana huɗu yana gudawa. Idanunsa sun faɗa, ko kuka ba ya iyawa. Mama Saratu ta ja fatar cikinsa, fatar ta tsaya yadda ta ja ta.

Ta ce, "Inna, wannan ya wuce gishiri da sukari. Sai an ƙara masa ruwa a asibitin Bungudu, kuma yau."

Na ce, "Ina uwarsa?"

Aka nuna mini wata matashiya, Hajo, zaune can gefe ta juya mana baya tana goge ƙwarya. Ɗanta yana mutuwa, ita tana goge ƙwarya! Ko waiwaye ba ta yi ba.

Wayyo, 'yan'uwa! Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ke wace irin uwa ce? Allah ya ba ki, kin ƙi ko kallonsa. Ni da nake son tawa, ya ƙwace!"

Hajo ta ajiye ƙwaryar ta zagaya bayan bukka. Inna Dije ta ja mayafi ta rufe jikanta.

Ta ce, "Ku kwashe kayanku. Ba mu ba da ɗanmu ga masu zagi."

Mama Saratu ta ja ni gefe ta ce, "Rifkatu, kin san abin da kika yi? Ɗan farinta ne. A wurinsu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwa a kansa a gaban surukai. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. In yaron nan ya kwana a nan, ba zai kai safe ba."

Ni 'yar kudancin Kaduna ce, ban tashi da wannan al'ada ba. Amma rashin sani bai sa ni zagi ba, ɗacin zuciyata ne.

Na bi bayan bukka don in ɓoye fuskata. Can na ga Hajo durƙushe, ta cusa bakin zanenta cikin baki tana cizo don kada a ji kukanta. Na san irin wannan kuka, na yi shi a banɗaki ba sau ɗaya ba.

Na durƙusa cikin taɓo. Na ce, "Ya Yesu, shekara biyu ban yi maka magana ba. Ga abin da fushina ya jawo. Kada yaron nan ya mutu saboda bakina. Ka gafarta mini, ka cire mini wannan abu daga ƙirji, na gaji da ɗaukarsa!" Na yi kuka kamar ranar jana'iza. Sai Hajo ta ɗora hannunta a kafaɗata.

Na koma na durƙusa gaban tsohuwa. Na ce, "Inna, na yi laifi. Tawa ta mutu, shi ya sa hankalina ya gushe. Ki hukunta ni, amma kada ki hukunta jikanki."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Allah shi jiƙan taki. Uwarsa ba ta goya shi gabanmu, ni kuwa bayana ya mutu. Ke mai baki, juyo."

Tun ranar da Alheri ta rasu ban ɗora yaro a bayana ba. Inna Dije ta ɗora mini shi. Sai ga Hajo ta zo, kanta a sunkuye, ta ajiye majanyi a ƙasa kusa da ƙafata ta wuce. Da shi na ɗaure yaron. Bai fi nauyin kaza ba. Duk tafiyar nan zuwa bakin hanya ina jin ɗan numfashinsa a wuyana, ina cewa, "Ubangiji, riƙe shi, riƙe shi." Kwana biyar muka yi a asibiti ni da kakarsa. Rana ta uku ya buɗe ido ya nemi kunu. Ku yabi Ubangiji!

Watan jiya muka koma rugar. Hajo ta kawo mini ƙwaryar nono, ta ajiye tana kallon wani gefe. Har yanzu ba ta kiran sunansa. Ta ce a hankali, "Wancan ɗan naki ya hana kowa sakat da gudu."

Ɗan naki, ta ce.

Ban sake haihuwa ba, 'yan'uwa, kuma ban san ko zan sake ba. Amma ɗacin nan ya tafi, na gode wa Yesu. Ke da kike zaune nan kina fushi da Allah a ɓoye, ki faɗa masa ko da kuka ne, yana ji. Ki dogara gare shi. Amin.