Shafi na Huɗu

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban jami'a, shugaban tsangaya, malamai da ɗalibai. Baba, maigidan marigayiya, da ke Likita, babbar 'yarta, da sauran dangi, sannunmu da wannan babban rashi.

Mu a sashen lissafi, Mai Igiya muke ce mata. Ta kasance ba ta shiga aji sai da guntun igiya a jaka. Takan cukurkuɗa ta, ta haɗe bakin biyu, ta ce, "Wannan ƙulli ne na gaske, ko da lallashi zai warware? Kada wanda ya rantse mini. Hujja nake so." Shekara talatin da biyar ta yi tana binciken siffofi da ƙulle-ƙulle. Ta kasance duk hutu tana horar da malaman sakandare. Ta kasance uwa gare mu. Ni kaina a hannunta na yi digirin dakta.

Amma akwai abin da ke cina a rai, kuma yau zan faɗa.

Bara, bayan mantuwa ta fara kama ta, ta shigo ofishina wata safiya da takardu shida. Sunana ma ya ɓace mata. Ta ce, "Ɗan nan, na samo sabuwar hanya. Duba mini."

Na leƙa shafin farko, na ga tsohon bincikenta ne, wanda ya fitar da sunanta tun ina ɗalibi. Tausayi ya kama ni. Na ce, "Madalla, Malama, daidai ne."

Ta kalle ni. Ta ce, "Ka kai shafi na huɗu?"

Na ce, "Na kai."

Ta fita, ta bar takardun.

Sai bayan jana'iza na karanta. Jama'a, daga shafi na huɗu hanyar ta sauya. Sabuwa ce fil, ba wanda ya taɓa bin ta. A shafi na shida ta tsaya a tsakiyar layi, ta sa alamar tambaya. Abokin tunani ta zo nema, na sallame ta da yabo. Wata biyu ke nan mu huɗu daga cikin malaman sashen muna kan wannan layin, ba mu wuce ba. Har yau in an ƙwanƙwasa ƙofata da safe, sai in ɗauka ita ce.

Baba, Likita, ku yafe mini. Ita ba ta nan balle in roƙe ta.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta, Ya ba ku haƙuri. Mu kuma da muka gaza mata, Allah Ya gafarta mana. Amin.