Tukuicin Wanda Ba a Gani

A ƙofar tashar jiragen ruwa ta Roatán, inda na saba zama tun zamanin ƙananan jirage, wani dattijo da ya sauko daga babban jirgin 'yan yawon buɗe ido don shan iska ya zauna kusa da wata mata mai jiran mijinta.

"Na je na soke tukuicin nan da suke ɗora wa fasinja," in ji dattijon. "Iyayenmu hannu da hannu suke kyauta. Na ba mai gyara mini ɗaki hular kaba, har ya rusuna."

"Hula, Baba? Cikin jirgi rana take dukansa?"

"'Yata, kyauta ba ciniki ba ce."

"Wannan da ka soke shi ake raba wa ma'aikata. Mijina Wilmer wanki yake yi can ƙasan jirgi, fasinja bai taɓa ganin fuskarsa ba. Zanin gadon da ka kwana a kai, aljanu suka goge?"

"Ban san da shi ba."

"Kowa haka yake cewa! Duk wanda ya soke, cefanen 'ya'yana ya rage. Jirgi bai tashi ba, tashi ka je ka mayar."

Dattijon ya gyara wuyan rigarsa.

"In na mayar, a takarda zai tafi, babu mai yi mini godiya. Wa zai san ni na bayar?"

"Tukunyata za ta sani, Baba. Ko sai na aiko ta ta rusuna maka?"