Kwaɗon da Aka Wanke da Soso

Ranka ya daɗe shugaban gidan talabijin, malamanmu, shugabannin makarantu, uwargidan marigayi, 'ya'yansa da jikokinsa, da sauran jama'a, assalamu alaikum.

Ni ce muryar Kwaɗo na shirin zanen yara. Shekara ashirin da biyu ina matse hanci a gaban makirfo ina rera wa yara ƙidaya da baƙaƙe, shi kuma marigayi Mai Fensir yana zana bakin da zai motsa. An ce in yi jawabi mai sanyaya zuciya. Ku gafarce ni, yau raina a ɓace yake.

Ya kasance mai haƙuri. Kafin Kwaɗo ya yi tsalle ɗaya, sai ya zana shi sau goma sha biyu a kan leda mai kauri, a ɗan ɗakin nan mai fanka ɗaya. Ya kasance mai kishin yaranmu, a lokacin da ba abin da suke kallo sai zanen waje da ba sa jin yarensa. Waƙa ba ta fita sai ya kai ta aji ya ji yara sun kama ta a zama ɗaya. Ta lissafin sau, gidan bakwai, sau tara muka sake ta, har na yi jifa da takarda.

Kuma ya kasance mai taurin kan tsiya, Allah Ya jiƙansa! Da an gama ɗauka, sai ya sa soso da sabulu ya wanke ledojin tas, ya shanya a igiya, wai zai yi sabon zane a kansu. Na ce, "Yaya, ka ajiye ko goma mana." Ya ce, "Ƙanwata, ai akwai kaset." Kaset ɗin kuwa, mu da hannunmu muka riƙa ɗora labarai da jawaban buɗe taro a kai. Da na je masa da kuka, dariya ma ya yi. "Bar damuwa, na ajiye su a cikin kan yara."

To, ga inda ta kai mu. Makon jiya autarsa ta zo ta roƙi ko minti ɗaya a haska yau, don 'ya'yanta ba su taɓa ganin Kwaɗo ba. Kwana uku muna birkita sito. Waƙa ɗari da arba'in, ko ɗaya ba mu samu ba! Shi ya sa farin ƙyallen nan na bayana yake fayau. Auta, ki yafe mana. Uwargida, ke kike taya shi shanyar nan, kin san ban ƙara komai ba.

Ni kuma tsufa ya zo. Waƙa sha ɗaya kaɗai na iya tunowa, ta gidan bakwai ma ta maƙale mini a bakwai sau shida.

Amma yaran da ya ba ajiyar, ai ku ne, ga ku nan da furfura da tabarau. Ranka ya daɗe, kai ma na ga bakinka ya motsa da na ambaci gidan bakwai. Ga rakoda a kan tebur, na kunna ta. Ba mai fita sai ya sauke abin da aka ba shi ajiya.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya yafe masa soson nan, mu kuma Ya yafe mana kaset. Amin.

Auta, matso da yaran gaba. Bakwai sau shida... jama'a, ina sauraronku.