Mai Latsa Tsohuwar Fijo

Ɓarawon zamani ba kunya, ba sani. Malam Idirisa na zaune kan benci a tashar Tsibiri, cikin Maradi, sai ya ga wani saurayi da bai sani ba yana zagaya tsohuwar Fijonsa, da ɗan abin latsawa a hannu.

"Samari, lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Motata ce ta ƙi buɗewa, batirin abin latsawar nan, telekomand, ya mutu. Ko kana da ɗan ƙarfe in zura ta gilashi?"

Idirisa ya dube shi sama da ƙasa.

"Taka ce? Ina ka saye ta?"

"A Jiratawa, bara. Kullum in na latsa sai ta yi ƙara ta buɗe."

"Ikon Allah! Sa'ad da aka ƙera wagga mota, makulli ake sawa a murɗa. Gilashinta ma da hannu ake naɗe shi. Wa ya koya mata jin latsawa?"

"Mai ita ne ya sa mata. Wato, wanda ya sayar mini."

"Mai ita bai sa mata komi ba, ɗana. Tun ba a haife ka ba nake tuƙa ta. Ƙofar direba ma ba ta kulluwa. Da ka ja, da tuni ka kai Zariya."

Saurayin ya juya zai gudu, 'yan kamasho suka riƙe shi. Wata shida ya yi a gidan kaso.