Kubewar da Ta Gagari Baba

Ranar Asabar da safe, a bakin rumfar da motar gonar haɗin gwiwa ke sauke wa kowa kwandonsa na mako a birnin Pune na Indiya, Sulochana ta ga wani dattijo ya ƙura wa kubewarsa ido.

"Baba, in ba ka so mu yi musaya. Ga tumatir."

"Ba zan bayar ba, 'yata. Mako huɗu ke nan tana kayar da ni. In na soya ta yi yauƙi, in na ƙara wuta ta ƙone."

"To wa ya aike ka? Babu mai girki ne a gidan?"

"Akwai, matata. Shekara arba'in da ɗaya tana yi. Ita ce ma ta sa sunanmu a gonar nan, kafin ɓarin jikinta ya shanye. Yanzu ko magana ba ta iyawa. In na kai mata, sai ta ɗanɗana ta ture farantin."

Sulochana ta ajiye jakarta. "Da ka wanke kake yankawa?"

"Ƙwarai kuwa."

"Nan ka ɓata. Goge kowace ɗaya da tsumma ta bushe sarai. Kada ka rufe kasko, gishiri kuma sai ƙarshe. Ko in aiko muku da dafaffiya?"

"A'a. Maƙwabta sun kawo, ta ci a ladabce kamar baƙuwa. Tawa kaɗai take turewa, tana hararata kamar da." Ya saɓa kwandonsa. "Gishiri a ƙarshe, ko? Yau sai ta nemi ƙari."