Haƙora Biyu da Na Rasa a Banza

Assalamu alaikum Malama mai gabatar da shiri, barka da aiki.

Sunana Idi, masunci daga wani ƙauye a Kirikasamma. Tun ina yaro da haƙori nake ɗaure zaren koma, da shi nake tsinke shi, yadda na ga mahaifina yana yi. Bara muƙamuƙina ya fara ciwo, in na buɗe baki sai ya yi ƙas a gindin kunne. Na ɗauka haƙori ne. Mai cire haƙori a kasuwa ya cire mini turame biyu, ciwo yana nan.

A asibiti a Haɗeja, likitar gashin ƙashi ta taɓa wurin ta ce, "Baba, mahaɗar muƙamuƙinka ce ta gaji. Haƙoranka ba su da laifi." Wallahi sai da na yi hawaye. Ta koya mini gasa wurin da tsumma mai ɗumi da motsa baki a hankali, ta hana ni cizon zare.

Na fara samun sauƙi, sai ambaliya ta yanke hanya, na kasa komawa. Malama, a tambayar mini likitoci, in ci gaba a gida?

'Yan'uwana masunta, ku riƙa sa wuƙa a aljihu. Ni nake kamo kifin, amma yau iyalina ke cin banda, ni ina gefe da kofin kunu.